Yadda Ake Daidaita Ƙarfin Bindigar Eyasof Mai Aiki da Gas

Eyasof wasa ne da ake harbin juna da ƙananan ƙwayoyin roba. Bindigar wasan eyasof mai aiki da gas ba ta da ƙarfi guda tsayayye. Wadda aka auna da sassafe aka same ta cikin iyaka tana iya zarce iyakar idan rana ta take, alhali ba a taɓa ko sukuru ɗaya a jikinta ba, domin gas ɗin da ke cikin magazin, wato ma'ajiyar ƙwaya da gas, yana ƙara matsi da zafi, yana kuma raguwa da sanyi. Wannan ne ya bambanta ta da mai aiki da batir, wadda sifirin ne ke yanke mata ƙarfi, kuma shi ya sa wanda ya mallaki mai gas bai da makawa sai ya koyi daidaita ta da hannunsa. Abin da ake nema shi ne ta riƙa harbi da ƙarfi iri ɗaya, a ƙasa da iyakar filin wasa da ta doka, tare da 'yar rata da za ta shanye sauyin yanayi, domin ƙwayar nan a jikin abokin wasa za ta sauka.

Sanin iyaka kafin a taɓa komai

Kafin ka ɗauki alanki, ka nemi sanin lambar da kake son kaiwa. Ana auna ƙarfin da jul, kuma ƙasashe sun bambanta sosai a kan abin da suka yarda da shi. A Japan, inda wasan ya samo asali a shekarun 1970, gyaran doka na 2006 ya tsayar da iyakar a wajen jul 0.98 ga ƙwaya mai faɗin milimita 6. A Ingila, dokar 2017 ta ce bindigar da ke iya harbi ba tsayawa kada ta wuce jul 1.3, mai harbi ɗai-ɗai kuma kada ta wuce jul 2.5, in ta wuce ta fita daga sahun kayan wasa ta faɗa ƙarƙashin dokar makamai. A Jamus, duk wadda ta haura jul 0.5 sai mai shekara 18 zai mallake ta, sai tana ɗauke da tambarin F, kuma ba a yarda ta yi harbi ba tsayawa ba. Filayen wasa kuma suna da tasu iyakar, wadda galibi ta fi ta doka tsauri, musamman filayen cikin gini inda ake haɗuwa kusa da kusa. Duk wadda ta fi ƙanƙanta tsakanin ta doka da ta fili, ita ce taka.

Lissafin ba shi da wuya. Ka mayar da nauyin ƙwaya zuwa kilogiram, ka ninka shi da gudun ƙwayar a mita cikin sakan, ka sake ninka abin da ka samu da gudun, sannan ka raba biyu. Ƙwaya mai giram 0.20 da ke gudun mita 100 a sakan tana ɗauke da jul 1 daidai, kuma wannan gudun shi ne ƙafa 328 a sakan ga masu ƙirga da ƙafa. Iyakar nan ta ƙafa 350 da filaye da yawa ke ambata, da ƙwayar 0.20 ake nufi, wato kusan jul 1.14. Idan kana wasa da ƙwayar 0.30, wannan jul 1.14 ɗin yana nufin kada gudunta ya wuce mita 87 a sakan, kimanin ƙafa 286.

Abin da ke faruwa a cikinta

Wanda bai san hanyar da gas ke bi ba zai yi ta juya abubuwa ne a makance, don haka ya dace a tsaya a nan kaɗan. Idan ka ja kunama, 'yar guduma tana dukan wani ɗan ƙarfe, shi kuma ya danna bawul ɗin da ke bayan magazin. Gas ya taso ta robar da ke saman magazin ya shige cikin nozul, wato ɗan bututun da ke cusa ƙwaya ya kuma kai mata gas. A cikin nozul ɗin akwai wani ƙaramin bawul mai yawo, wanda siririn sifirin ke riƙe da shi a buɗe, saboda haka gas na farko yana wucewa gaba ya tura ƙwaya cikin bututu. Da ƙwayar ta yi gaba matsin da ke gaban bawul ɗin ya faɗi, sai gas ɗin da ke baya ya ingiza shi ya toshe hanya. Daga nan gas ba shi da mafita sai baya, sai ya tura ƙarfen kai-komo, wanda shi ne ke ba da bugun da ake ji a kafaɗa, ya ɗana gudumar, sannan babban sifirin ya dawo da shi ya kwaso sabuwar ƙwaya.

Saboda haka abu huɗu ne ke yanke ƙarfin harbi: matsin gas, girman hanyar da wannan ƙaramin bawul ya bari da tsawon lokacin da ya yi a buɗe, tsawon bututun ciki da faɗinsa, da kuma nauyin ƙwaya tare da yadda robar hof, wato robar da ke bakin bututu tana sa ƙwaya juyawa don ta yi nisa, ta riƙe ta. Duk wani gyara da za ka yi, ɗaya daga cikin waɗannan kake taɓawa.

Shiri da awo na farko

Kana bukatar na'urar auna gudu, kuma babu abin da zai maye gurbinta. Harbin gwangwani ko kwali don a ga ko ƙwaya ta huda ba awo ba ne. Ka tanadi irin ƙwayar da za ka yi wasa da ita, gas ɗin da ka saba sawa, alanki ko makullin da ya zo da nozul ɗinka, man silikon, ma'aunin zafi, da takarda da biro. Ka sa tabaran kariya na gaske tun kafin ka ɗura gas, irin mai tambarin ANSI Z87.1+ ko EN 166 mai harafin B, wanda ake gwada shi da ƙwallon ƙarfe mai gudun mita 120 a sakan. Haka ma duk wanda ke tsaye kusa da kai. Bayan na'urar awon a sa abin da zai tare ƙwaya ba ta dawo ba, kamar tsohon bargo a cikin kwali. Kuma a yi aikin inda iska ke shiga, nesa da wuta, domin gas ɗin da aka fi amfani da shi furofen ne, yana kamawa.

Ka juya magazin kansa ƙasa, ka kifa gwangwanin gas a kan bawul ɗin ɗuri a miƙe, ka danna har sai ka ji ƙarar shigar ta canza ko ka ga ɗan farin feshi ya tsarto ta gefen bakin. Za ka ji magazin ya yi sanyi a tafin hannunka, wani lokaci har raɓa ta kwanta a jikin ƙarfen. Kada ka auna a wannan hali. Ka ajiye shi minti biyar zuwa goma ya koma zafin wurin, in ba haka ba na'urar za ta ba ka lamba ƙasa da ta gaskiya, ka je fili bindigar ta ba ka kunya.

Kafin awo, ka saita hof yadda ƙwayarka ke tafiya a miƙe ba ta lanƙwasa sama ko ta faɗi da wuri ba. Mutane da yawa suna tsallake wannan, ni kuwa ina ganin yana cikin muhimman matakai, saboda a bindigar gas robar da ta ƙara riƙe ƙwaya tana ba gas damar taruwa a bayanta, kuma hakan kan sauya lambar da za ka gani. Awon da aka yi da hof a sake ba ya nuna abin da bindigar za ta yi a wasa.

Yanzu ka yi harbi goma ta cikin na'urar, kana barin sakan uku zuwa biyar tsakanin kowanne, ka rubuta duka goman tare da zafin wurin, irin gas da nauyin ƙwaya. Harbin farko da na biyu sukan fi sauran ƙarfi, kuma su ne alƙalin fili zai gani, don haka lamba mafi girma ce abin lura, ba matsakaiciya ba. Ka dubi kuma ratar da ke tsakanin babba da ƙarama. Idan tana da faɗi ƙwarai, to akwai matsala a wani wuri, ko zoben roba ya bushe, ko robar saman magazin ta tsage, ko hof ya ci, kuma sai an gyara wannan kafin a shiga maganar daidaitawa.

Akwai dalilin da ya sa nake nanata cewa a auna da ƙwayar wasa. Ƙwaya mai nauyi tana jinkirin fita daga bututu, bawul ɗin cikin nozul ya daɗe a buɗe, gas ya ci gaba da tura ta, sai ta fita da jul fiye da na mara nauyi. Bindigar da ta nuna jul 1.1 da ƙwayar 0.20 tana iya jefa ƙwayar 0.30 da gudun mita 95 a sakan, wanda lissafi ke nuna jul 1.35 ne. A takarda ta ci jarrabawa, a fili kuwa ta wuce iyaka, kuma wanda aka harba a wuya ko a yatsa shi zai ji bambancin. Wanda ya auna da mara nauyi ya shiga wasa da mai nauyi yana sane, ya ci amanar waɗanda suka yarda su tsaya a gabansa.

Hanya mafi sauƙi: sauya gas

Idan abin da ya raba ka da iyaka ba shi da yawa, fara da gas, tunda ba sai ka kwance komai ba. Koren gas, wato furofen da aka gauraya da ɗan man silikon, yana da matsin kusan bar 8.4 a zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyas. A digiri 30 ya kai kusan 10.8, a digiri 40 ya doshi 13.7, a digiri 0 kuma ya sauko wajen 4.7. Waɗannan lambobi kaɗai sun isa su nuna maka dalilin da bindiga ɗaya ke zama kamar biyu tsakanin lokacin sanyi da na zafi. Gas ɗin HFC-134a, wanda kamfanin Tokyo Marui ya gina bindigoginsa a kansa, matsinsa bai wuce kusan bar 5.7 ba a digiri 20, saboda haka shi ne mafita ta farko a ranar zafi. Ja da baƙin gas sun fi kore matsi, kuma an yi su ne domin lokacin sanyi. Sa su a cikin zafi yana fasa nozul na roba, yana kuma cinye sassan da ke bugun juna. CO2 wani babi ne daban, domin matsinsa ya kai kusan bar 57 a digiri 20, kuma ba a sa shi sai a magazin da aka ƙera musamman dominsa.

In za ka sauya gas, ka ƙarar da tsohon tukuna, ka ɗura sabon, ka jira, ka sake harbi goma. Ka lura ko ƙarfen kai-komo yana isa ƙarshen tafiyarsa, yana kuma maƙalewa a baya idan ƙwaya ta ƙare. Idan ya daina, gas ɗin ya yi wa bindigar rauni, sai ka koma na farkon ka rage ƙarfin ta cikin nozul.

Daidaitawa ta cikin nozul

Wannan ita ce hanyar da na fi amincewa da ita, domin tana rage gas ɗin da ke zuwa ga ƙwaya ba tare da ta raunana bugun baya ba. Bawul mai daidaituwa, wanda aka fi sani da NPAS kuma kamfanin RA-Tech na Taiwan ya yi suna da shi, yana maye gurbin ƙaramin bawul ɗin nan na cikin nozul. Sassa biyu ne da zare ya haɗa su; idan ka juya ɗaya, tsawon bawul ɗin ya ƙaru ko ya ragu, sai hanyar gas ta tsuke ko ta buɗe. Ana yin sa daban-daban domin bindigogin kamfanonin WE, GHK, VFC, Tokyo Marui da sauransu, kuma na wannan ba ya shiga wancan, don haka ka tabbatar da samfurin bindigarka kafin ka saya.

Ka cire magazin. Ka ja ƙarfen kai-komo baya ka leƙa ka tabbatar babu ƙwaya a bakin bututu, domin ƙwaya takan maƙale a robar hof ko da magazin ya fita. A bindigogi masu siffar M4, za ka turo fil ɗin baya ka buɗe saman, sannan ka zaro mariƙin ja tare da ƙarfen kai-komo. Idan bawul ɗin yana ciki tun asali, ba sai ka raba nozul ba: ka leƙa ta bakinsa da fitila, za ka hango ɗan rami mai kusurwa shida ko 'yar tsaga a can ciki, nan makullin ke zama. A wasu samfuran sai ka soka wani siririn ƙarfe ta ramin ƙasan nozul ka riƙe jikin bawul ɗin, in ba haka ba duk zai riƙa juyawa tare ba abin da ya canza.

Idan kuwa sabo za ka sa, sai ka fitar da nozul daga ƙarfen, ka ture ɗan fil ɗin da ke riƙe da matosar bawul, ka zazzago tsohon bawul da sifirinsa a kan farin ƙyalle. Sifirin ɗin siriri ne ƙwarai, yana tsalle ya ɓace, don haka ka tare bakin da yatsa. Ka lura da fuskar da kowane abu ke kallo kafin ka taɓa shi, ko ka ɗauki hoto da waya. Ka sa sifirin, ka sa sabon bawul, ka mayar da matosa da fil, sannan ka danna bawul ɗin da tsinke ka ga yana tafiya gaba yana dawowa da kansa ba tare da ya cije ba. Ka ɗiga man silikon kaɗan a zoben robar da ke bayan nozul. Kada ka sa man inji ko wani mai na fetur, yana lalata roba, kuma kada silikon ɗin ma ya kai ga robar hof, domin in ta yi santsi ba za ta ƙara juya ƙwaya ba.

Ɓangaren da ake juyawa don ragewa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka ka duba takardar da ta zo da naka, sannan ka bar na'urar awo ta tabbatar. Ka juya rubu'in zagaye kawai, ka rubuta ɓangaren da ka juya, ka haɗa bindigar, ka yi harbi biyar, ka duba. Daga wannan za ka san abin da rubu'i ɗaya ke yi a bindigarka, sai ka ƙiyasta sauran. Aikin yana cin lokaci saboda kwancewa da haɗawa, amma kada gajiya ta sa ka juya zagaye biyu lokaci guda, kuma kada ka sauya gas ko ƙwaya a tsakiyar gwaji, domin in abu biyu suka canza tare ba za ka san wanne ya yi tasiri ba. Tsakanin zagayen gwaji ka bar magazin ya huce daga sanyinsa, ko ka riƙa musanya biyu.

Kada ka kai shi ƙarshen kowane ɓangare. Idan ka tsuke hanyar da yawa, ƙwayoyi za su riƙa fita da gudu mabambanta, wata ma ta mirgino ta faɗi a gabanka. Idan ka buɗe ta gaba ɗaya, bawul ɗin yakan yi jinkirin rufewa, gas ya tafi a banza ta bututu, bugun baya ya yi laushi, magazin ya ƙare da wuri. Ka tsaya a inda harbinka mafi ƙarfi yake ƙasa da iyaka da kamar kashi biyar zuwa goma cikin ɗari. Ga iyakar jul 1.14, wajen jul 1.05 wuri ne mai kyau. Da ka samu, ka tuna cewa jijjigar harbi tana kwance zare a hankali. Ɗigo ɗaya ƙanƙane na shuɗin man riƙe zare, wanda ake iya kwancewa daga baya, ya wadatar, amma a kan ƙarfen kaɗai, domin yana cin wasu nau'o'in roba, kuma sai ya bushe kafin a mayar da bawul ɗin cikin nozul.

Idan babu bawul mai daidaituwa

Wasu kamfanoni suna sayar da nozul ko bawul mai ƙarancin ƙarfi wanda aka riga aka tsuke, irin wanda ake kira na jul ɗaya, kuma sauya shi aikin minti kaɗan ne. Akwai masu sa siririyar washa a bayan bawul don ta matsar da shi gaba. Yana aiki, sai dai kowane gwaji yana bukatar raba nozul, kuma washar da ba ta zauna daidai ba tana iya hana bawul motsi. Gajeren bututun ciki ma yana rage ƙarfi sosai a bindigar gas, tunda ƙwaya tana barin turin gas da wuri, haka nan bututu mai faɗin 6.05 ko 6.08 yakan ba da ƙasa da mai 6.01. Abin da ban ba da shawara ba shi ne yanke sifirin ɗin guduma ko goge bawul ɗin magazin, domin ba a mayar da abin da aka yanke, kuma yawanci rashin daidaito yake jawowa.

Wanda ya haɗa bindigarsa da tankin matsattsiyar iska, wato HPA, aikinsa ya fi sauƙi, tunda da regileta yake ƙara matsi ko rage shi, kuma zafin rana ba ya tasiri a kansa kamar gas mai ruwa. Idan za ka rage, ka juya regileta sannan ka yi harbi biyu ko uku ba ƙwaya don tsohon matsin da ke cikin tiyo ya fita, kafin ka yarda da abin da allurar ke nunawa. Filaye da yawa suna ɗaure regileta bayan awo don kada a taɓa shi, kuma daidai ne su yi hakan.

Gwaji na ƙarshe

Bayan ka gama, ka sake awon da kowane magazin da kake da shi, domin bawulolinsu ba sa sakin gas daidai wa daida, kuma mafi ƙarfinsu shi ne ma'auninka. Sannan ka gwada a zafin da ya yi kusa da na tsakar ranar wasa. Hanyar da ba ta da haɗari ita ce ka sa magazin cikin aljihu ya ɗauki ɗumin jiki na ɗan lokaci. Kada ka kusantar da shi ga wuta, ko ka tsoma shi a ruwan zafi, ko ka bar shi cikin mota a rana, domin matsin yana iya fasa zoben roba ko ya tsaga magazin ɗin kansa. Idan da ɗumin nan harbin farko ya taɓa iyaka, ka ƙara rage rubu'i ɗaya ka sake aunawa.

Ka ajiye takardar da ka yi rubutu a jakar bindigar tare da makullin bawul da gwangwanin gas mai rauni, saboda in aka auna ka a fili da rana aka ga ka haura, ka gyara nan take. Duk lokacin da ka sauya robar hof, bututu, nauyin ƙwaya ko irin gas, tsohon awon ya tashi aiki, sai ka koma kan na'urar ka sake harbi goma. Idan za ka ajiye magazin na tsawon lokaci, ka bar ɗan koren gas a ciki don zoben roba su zauna a matse kada su bushe, na CO2 kuwa ka cire masa kwalbarsa bayan ka tabbatar ta ƙare.